Rakiyar da na hana surukina

Ranar da aka kai surukina makwancinsa, abin da na lura da shi, ni da ke cikin gida ina raba ruwa, shi ne mutane sun kasa tafiya. Mutum zai yi addu'a, ya shafa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya miƙe ya sa takalmi. Idan ya kai bakin ƙofar gida sai ya tsaya. Ya gyara hula, ya duba waya, ya waiga. Ta tagar kicin nake hango su. Sai da na ga mutum na biyar ya yi haka sannan na gane abin da suke jira. Fiye da shekara talatin babu baƙon da ya taɓa fita daga gidan nan na Orozo shi kaɗai. Baba ne ke raka kowa.

A ɓangaren mata ma maganar ke nan. Maƙwabciyarmu mai sayar da doya ta ce mijinta ya taɓa zuwa aron shebur, Baba ya raka shi har gona. Shi kuma ya ga bai dace dattijo ya koma shi kaɗai ba, ya rako shi gida, Baba ya sake juyawa ya raka shi. Ta ce ranar ba a yi noma ba. Aka yi dariya, ana share hawaye da gefen mayafi. Wata ta tuna shekarar da wasu ma'aikata suka zo suka shafa wa katangar gidan jan fenti, alamar za a rushe. Kowa a layin yana zagi, Baba kuwa ya sa takalmi ya raka su har wurin motarsu, yana tambayar babbansu mutumin ina ne. Ba a rushe katangar ba, ko da yake ba na cewa rakiyar ce ta hana.

Ina jin su ina murmushi kawai. Akwai rakiya ɗaya da Baba bai yi ba a rayuwarsa, wadda ta fi duk sauran muhimmanci a wurinsa, kuma ni ce na hana shi. Ranar sadakar uku, ina wanke kofuna, sai na ji sallamar wata tsohuwa da Hausar mutanen Filato. Ban ɗaga kai ba na gane ta. Matar wanda ba a raka ba ce. Ta wuce ɗakin uwar mijina, ni kuwa na ci gaba da wanke kofi ɗaya har ya fara ƙara a hannuna.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san gidan ba.

Mijina shi ne ɗan farin Baba. Baba kuwa mutumin ƙasar Zazzau ne, irin na da, kuma kowa ya san yadda irinsu suke da ɗan fari, balle matarsa. Shekara goma sha biyar ina auren ɗansa, bai taɓa kallon fuskata ya yi mini magana ba. Idan na durƙusa gaisuwa da safe, labulen ƙofarsa nake gaisarwa, labulen ya amsa. Idan yana son wani abu daga wurina, sai ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, wadda muke kira Inna, “A gaya wa Malama shayin jiya ya yi daɗi.” Ina tsaye taku uku daga wurin. Malama yake ce mini saboda ina koyarwa a firamare. Ni ma idan zan amsa, Inna nake kallo. Idan muka yi kiciɓis a soro, shi ke juyawa da sauri kamar ya manta wani abu a ɗaki. Ƙawayena na birni suna ganin abin kamar wahala. Ni ban taɓa jin an girmama ni kamar haka ba.

Lokacin da cikina na farko ya zube, mutane sun yi ta shigowa suna ba ni haƙuri har na gaji da haƙurin. Baba bai ce komai ba, ba shi da hanyar cewa. Amma kullum na fito da safe sai in tarar da bokitaina cike da ruwa a bakin ƙofa, an rufe su da faranti. Wata guda ana haka. Da Inna ta ce masa girma ya kama shi, ya bar jan guga, sai ya ce, “Rijiyar ce ta yi zurfi bana. A daina aika mutane.”

Magini ne. Ya zo Abuja tun ana sare daji, ya yi gini a unguwannin da daga baya mai gadi ba zai bar shi ya shiga ba, bai kuma taɓa nuna abin ya dame shi ba. Yana da ƙaramin jiki, da tafin hannu kamar bayan tukunya, da saurin tafiya. Abinci sai da gishiri mai yawa, shayi sai da sukari cokali huɗu. Ba shi da doguwar hira a zaune. Baƙo zai zo, a gaisa, a sha ruwa, a yi shiru. Da baƙon ya ce zai koma, sai fuskar Baba ta washe, ya ce, “Mu je in taka maka.” Ya karɓe jakar mutum ko ledarsa, ko da jaririn kaza ne a ciki. Mijina ya taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala. Ya ce mutum ba ya faɗin abin da ya kawo shi a gaban kofin ruwa da idon jama'a, sai an fita, kowa yana kallon gabansa. Ya ce rabin auren da ya gyara a Orozo a tsakanin ƙofar gida da bakin titi ya gyara su.

A hanyar dawowa daga irin wannan rakiya ciwon ya same shi, shekara huɗu da suka wuce, da la'asar, farkon damina. Masu acaba suka gan shi ya dafa bishiyar mangwaron da ke tsakiyar layinmu, gumi ya jiƙa masa riga, yana cewa an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Su suka kawo shi. Allah ya taimaka mijina yana gida, aka wuce da shi asibiti cikin gari.

Ranar da za a sallame shi aka tafi da ni, don ni ce zan riƙa kula da lokutan magani. Na zauna a bayansa da littafina. Likitar zuciyar wata siririya ce mai tabarau, Hausarta ta Jos. Ta zana zuciya a takarda, ta yi baƙi a gefe ɗaya.

“Baba, jijiyar da ke kai wa nan jini ce ta toshe. Mun buɗe ta, amma naman wurin ya riga ya mutu. Yanzu jikinka ya tura ma'aikata su kwashe mataccen naman. Wannan aikin shi ke kawo kumburi, a can ciki, ba za ku gani da ido ba. Kumburin ba abokin gaba ba ne, sai da shi ake sharewa. Amma yayin da ake sharewa, wurin yana da laushi. Sai ya lafa sannan tabo zai fito, tabon ne zai riƙe bangon. In kumburin ya ƙi lafawa, ko aka takura wa zuciyar, sai ta saki ta yi girma, ƙarfinta ya ragu.”

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, “Wato an zuba kankaren dekin, bai kama ba.”

Likita ta yi dariya ta ce ba ta taɓa samun wanda ya gane da sauri haka ba.

“To kwana nawa za a bar katakon da ke riƙe da shi?”

“Mako shida.”

Ta lissafa sauran: ba ɗaukar kaya, ba hawa gini, a rage gishiri, kada a saya masa ƙwayar ciwon gaɓoɓi a kemis ko da wa ya kawo, don irinsu suna ɓata warkewar. Ta faɗi wani abu kuma a ƙarshe, muna tattara leda, na rubuta shi a ƙasan shafi. Zan dawo kansa.

Da muka isa gida Inna ta ƙirga mako shida a yatsunta, ta ce, “Arba'in ke nan. Ashe jego ne.” Shi ke nan magana ta zauna. Duk macen da ke gidan ta san dokar jego: ba fita sai an yi arba'in. Ba wanda ya ce mana haka likita take nufi. Mu muka ɗauki abin da ba mu sani ba muka zuba shi a kwanon da muka sani.

Sai dubiya ta ɓarke. Orozo, Karshi, Mararaba, har waɗanda Baba ya yi wa gini shekara ashirin baya. Kowa kuma da maganinsa: gorar tsimi, ƙullin sassaƙe, ƙwayoyin kemis a farar takarda. Kowa ya tashi tafiya, Baba ya tashi. Mijina ya hana, Baba ya dube shi sau ɗaya, mijina ya tuna yana da aiki a waje. Inna ta hana, ya ce shekara arba'in da biyar ba ta hana ba sai yau. Kwana na tara ya raka liman har bakin titi, ɗauke da buhun gawayin da liman ya saya a hanya. Kwana na goma sha biyu zazzaɓi ya rufe shi, da wani ciwo mai suka a ƙirji, idan ya kwanta ya ƙaru, idan ya zauna ya sunkuya ya lafa. Muka koma asibiti a guje, Inna tana salati tun daga gida. Likita ta ce ba sabon bugun zuciya ba ne, jakar da ke lulluɓe da zuciyar ce ta kumbura, kuma yana faruwa ko ga wanda bai motsa daga gado ba. Ta ba da magani. Mu dai ba mu yarda ba. Mun ga buhun gawayi da idonmu.

Dabarar Inna ce, kada a ce tawa ce. Gidan yana da soro ɗan siriri, ta nan ake fita. Ta ce, “Ke kaɗai ce ba zai iya tsallakewa ba.” Lokacin an yi dogon hutu. Na kai tabarmata soro, na shimfiɗa ta daga bango zuwa bango, na zauna da tiren shinkafa ina tsinta. Takalmansa duka ƙafa biyu, da na roba na alwala, na kwashe na kai ɗakina, inda na san ko gobara ake ba zai shiga ba. Idan zai fita, sai dai ya ce mini “matsa”, ko ya tsallake ƙafafuna. Mun san ba zai yi ko ɗaya ba. Da kunyarsa muka kulle shi, kuma a lokacin muna ganin mun yi wayo.

Na zama mai gadi, kuma in faɗi gaskiya, aikin ya karɓe ni. Baƙo ya shigo, in karɓe maganin da ya kawo in ce za a ba shi anjima, in jefa a wani tsohon bokiti. Minti goma ya cika in yi gyaran murya. Manyan mutane masu furfura suna fitowa suna ba ni haƙuri.

Faɗanmu da Baba a lokacin ya zama abin kallo, don duk ta kan Inna yake bi. Tana zaune a tsakar gida tana tankaɗe, magana tana wucewa ta samanta.

“A tambayi Malama, da aka rufe makaranta, gidan yari aka ba ta riƙo?”

“Inna, a gaya wa Baba kwana ashirin da shida suka rage.”

“A gaya mata na iya ƙirga. Da ido nake ƙirga bulo dubu.”

“Inna, a ce masa lokacin farar ƙwaya ya yi.”

“A ce mata miyar jiya, ko ruwan alwala ya fi ta ɗanɗano.”

Inna ta ce idan ba mu daina ba za ta fara karɓar kuɗin waya. Amma yana shan maganin, yana cin miyar. Wani lokaci ina jin takunsa a tsakar gida, ƙafa ba takalmi, daga rijiya zuwa bango, daga bango zuwa rijiya, kamar wanda ya yar da wani abu.

Kwana na talatin da uku Baba Kafinta ya zo.

Shi ne babban abokinsa. Kirista ne daga ƙasar Filato, dogo, mai dariya da dukan jiki. A wurin gini suka haɗu suna samari: shi ke kafa katakon dekin, Baba ya zuba kankare. Oga Magini, Oga Kafinta, haka suke kiran juna, duk da ba wanda ya taɓa zama ogan kowa a cikinsu. Da Kirsimeti shinkafar gidansa ke fara isowa gidanmu, da Sallah cinyar ragon Baba ke fara isa Mararaba. Ya zo dubiya sau biyu a asibiti. Wannan zuwan na sallama ne. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin kan ƙusa, 'ya'yansa sun matsa ya koma gida gaba ɗaya. Mota da safe.

Shi ban yi masa gyaran murya ba. Na bar su fiye da awa ɗaya. Ina jin su suna tuna wani mai gida da ya matsa a cire katako kwana goma da zuba dekin, don yana sauri ya ɗora bene, su biyu suka tattara kayan aikinsu suka bar masa wurin. Na ji dariyar Baba, wadda rabona da ita tun kafin ciwon.

Sannan na ji an ce, “To, Oga, zan koma.”

Baba Kafinta ya fito, na janye ƙafa ya wuce. Sai ga Baba a bayansa, ƙafa ba takalmi, ya riƙe ledar abokinsa. Ya zo har bakin tabarmata. Bai taɓa matsowa kusa da ni haka ba, ina ganin jijiyoyin ƙafarsa. Na sunkuyar da kai cikin shinkafa. Ya yi magana a hankali, ba irin muryar faɗanmu ba.

“A gaya mata bakin titi kawai.”

Inna tana tsaye a bayansa. Na saci kallonta, na ga ta sauko, ido take yi mini in tashi. Amma ni ina tuna ranar zazzaɓin nan, da yadda leɓensa ya yi fari a mota. Kuma, Allah ya yafe mini, akwai taurin kai na wanda aka ba aiki yana son ya kai shi ƙarshe ba tare da tabo ba. Na ce, “Inna, kwana bakwai suka rage.”

Baba Kafinta ne ya dawo da baya, ya zare ledarsa daga hannun Baba.

“Oga, ka bar shi ya yi aikinsa. Yarinyan nan katako ne. Ni da kai ba mu cire katako kafin lokaci, ko ka manta? In ka warke ka zo gida ka raka ni, akwai hanya dogo a wurinmu, sai ka gaji.”

Ya fita yana dariya. Baba ya tsaya a wurin har ƙofar gida ta rufe, ya ƙara tsayawa. Sannan ya koma ɗaki. Kwana uku kwanon da na kai yana dawowa yadda na kai shi. Ba a kuma aiko mini da saƙon komai ba, ko na miya.

Kwana huɗu bayan haka muka koma ganin likita. Ta duba hoton zuciya da gwajin jini, ta ce kumburin ya lafa, tabon yana kamawa. Sai ta ce, “Tafiya fa? Yanzu ina yake kaiwa?”

Mijina ya ce ai bai fita ba tun zazzaɓin nan.

Ta cire tabarau. “Ko ƙofar gida? Ai na ce ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa. Kaya na hana, ban hana tafiya ba. Zuciya mai warkewa tana son motsi. Ya kamata a ce tun mako biyu da suka wuce yana kaiwa bakin titi ya dawo.”

Ina bayan Baba, ƙeyarsa kawai nake gani. Bai juyo ba, bai yi tari ba, bai ce a gaya wa Malama komai ba. Yatsun ƙafarsa yake kallo cikin silifas ɗin mijina. Na buɗe littafina a kan cinya. Yana nan a ƙasan shafi, da rubutuna: tafiya kaɗan-kaɗan, a riƙa ƙarawa. Ni da nake ƙarar da jan biro a kan yaran da ba su karanta tambaya har ƙarshe ba.

Da yamma na wanke takalmansa na jera a bakin ƙofarsa.

Ya yi niyyar zuwa Filato. Aka ce a bari ya ƙara ƙarfi, hanyar da nisa. Aka ce a bari ruwa ya ɗauke. Wata biyar da sallamar nan aka bugo waya cewa Baba Kafinta ya rasu. Baba ya je jana'iza, ya kwana biyu. Da ya dawo, ina kicin na ji yana ce wa Inna, “Na raka shi. Sai dai bai san na zo ba.” Ban san ko ya san ina ji ba. Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba ko ranar da cikina ya zube.

Shekara huɗu ya ƙara. Tabon ya riƙe, amma zuciyar ba ta koma yadda take ba. A hankali ta yi girman da likita ta faɗa, ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa gaza masa. Da rakiyarsa muke auna jikinsa, ba da na'ura ba. Da farko yana kai mutum tasha. Sai ya koma bakin titi. Sai bishiyar mangwaro. A bara ƙofar gida ce iyakarsa, ya tsaya ya dafa ta yana bin mutum da ido. Mu kuma aikin mijina ya mayar da mu Lugbe, sai ranar Asabar nake zuwa. Ya koma aiko mini da saƙo ta kan Inna kamar da, shayi ya yi daɗi, yara sun rame. Amma maganar ranar nan ba ta taɓa tasowa ba. Ba ni da bakin tambaya, shi ba shi da bakin faɗa. Duk Asabar ina durƙusawa gaban labulen nan ina so in san ko ya yafe mini.

Mako biyu kafin rasuwarsa, na yi wa Inna sallama da la'asar, na durƙusa na yi wa labule. Sai na ji ya ce, “A miƙo mini takalmina.”

Inna ta ce, “Baƙo aka yi?”

“Malama za ta tafi.”

Inna ta dube ni, na dube ta. Suruki ba ya raka matar ɗansa, ba a taɓa yi ba. Ya fito yana dafa bango, ya miƙa hannu ba tare da ya kalle ni ba, sai da na gane jakata yake nufi. Na ce wa Inna a gaya masa likita ta hana kaya. Ya janye hannun. Ya wuce gaba, ina binsa a baya. Ya wuce ƙofar gidan da ta zama iyakarsa. Sau uku yana tsayawa yana neman numfashi kafin mu kai bishiyar mangwaro. A nan ya dafa ta, yana kallon titi.

“Malama.”

Na waiga ina neman Inna. Babu kowa, ni yake kira. Na durƙusa a kan ƙasa.

“Ranar nan na ji haushinki. Ba zan yi miki ƙarya ina bakin kabari ba. Har yau idan na tuna, wurin yana yi mini zafi.” Ya huta. “Amma gidan nan ni na gina shi. Akwai ƙofa ta bayan rijiya, sakata ce kawai. Kin taɓa ganin magini yana tsoron taka ƙasa ba takalmi?”

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

“Ni ma na ji abin da likita ta ce ranar farko, kunnena ƙalau. Tun da ciwon nan ya dawo mini da zazzaɓi, tsoro ya shige ni. A nan na faɗi, gindin bishiyar nan. Ina son in raka Oga Kafinta, ina tsoron in wuce ta nan. Da kika hana, haushi na ji, kuma sanyi na ji. Sai na bar ki da laifin, don ya fi mini sauƙi.” Ya sake hutawa, ya daɗe. “Shekara huɗu kina ɗauke da kayana. Ki ajiye. Ki yafe mini.”

Shekara goma sha biyar ban koyi yadda ake yi masa magana kai tsaye ba. Abin da ya fito kawai shi ne, “Baba, lokacin farar ƙwaya ya kusa.” Ya yi 'yar dariya, har ta sa shi tari. Ya ce, “Tafi, kada ki rasa mota.” Da na kai bakin titi na waiga, yana nan dafe da bishiyar. Ganina da shi na ƙarshe ke nan a tsaye.

To, ranar sadakar uku, matar Baba Kafinta ta daɗe a ɗakin Inna. Da ta fito za ta tafi, sai ta tsaya a kaina ina wanke-wanke.

“Kai ne mai gadi?”

Na ce ni ce, Mama.

Ta ce za ta kwana wurin ɗanta a Mararaba, ta san hanya, kada kowa ya wahala. Inna tana takaba, ba ta fita. Mazan suna waje da baƙi. Na goge hannuna, na ɗauki mayafi, na karɓe jakarta. Na ce, “Mama, mu je in taka miki.”

Mun wuce ƙofar gida, mun wuce bishiyar mangwaro. Sai da muka kusa bakin titi, kowa tana kallon gabanta, ta fara magana.

“Ranar da maigidana ya zo sallama, ya dawo gida da yamma sosai. Na ce me ya tsare ka? Ya ce ya tsaya a nan, daidai nan, ya bar mota uku ya wuce, ko Oga zai fito.”

Na ce, “Mama, ni ce na…”

“Bari in gama. Ya ce yana tsaye yana addu'a biyu. Ɗaya, Allah ya sa ya fito. Ɗaya, Allah ya sa kada ya fito. Da mota na huɗu ya zo bai gan shi ba, ya ce to, yarinyan ya riƙe, Oga zai rayu. Ya shiga mota da farin ciki. Har ya mutu yana ba mutane labarinka.”

Mota ta tsaya. Na sa mata jakarta, ta shiga. Sai na ga ban gama ba, na shiga na zauna kusa da ita. Ta ce ina za ni, na ce Mararaba. Na kai ta har ƙofar ɗanta, na tsaya sai da aka buɗe ta shiga.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa tsoronsa da nawa, ya sa inda ya tafi an fito an tarye shi tun daga nesa. Takalmansa suna nan a bakin ƙofar ɗakinsa. Inna ta ce a bayar da su sadaka, na roƙe ta a bari sai an yi arba'in. Wannan karon a fili na bar su, inda zai gani.